Jirgin ruwa mai rimot: da moto zan fara ko da ƙyallen iska?

MaiSola, Kano:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawa da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Sana'ata haɗa wutar sola da gyaran inbata, kuma ina da niyyar ƙera ƙaramin jirgin ruwa wanda ake sarrafawa da rimot, tare da yarana biyu da ɗan ƙanena, a hutun makaranta mai zuwa. Burina shi ne su ga yadda katako da waya suke zama na'ura mai tafiya a kan ruwa da sa hannunsu, maimakon in sayo musu na kanti wanda zai lalace ba su san abin da ke cikinsa ba.

Kayan da nake da su a hannu su ne guntayen filawud mai kaurin milimita 4, da moto lamba 540 da na cire daga motar wasan yara, da wasu motoci biyu na tsohuwar firinta, da ƙwayoyin batir lamba 18650 na kwamfutar tafi-da-gidanka, sai rimot na FlySky da risibarsa, wato na'urar da ake sawa a cikin jirgi ta karɓi umarnin rimot. Na zana jirgin a kan tsawon santimita 60 da faɗin santimita 18.

Abin da ya tsayar da ni shi ne zaɓi tsakanin jirgi mai farfela da jirgi mai ƙyallen iska. Na farkon ya fi kusa da sana'ata, amma na biyun ya fi ɗaukar hankalina, domin na ga hotunan bidiyo na waɗanda ke tsere da su a Turai, kuma ban fahimci yadda jirgin ke tafiya yana fuskantar iskar da ya kamata ta mayar da shi baya ba. Haka kuma ina son sanin ko filawud ɗin kasuwarmu zai jure ruwa, da yadda ake hana ruwa shiga ta inda sandar farfela ke fita. Akwai kududdufi kusa da unguwarmu wanda ba ya ƙafewa sai tsakiyar rani, kuma a nan na yi tunanin za mu riƙa gwadawa. Duk wanda ya taɓa wannan aiki, ina roƙon ya taimaka mini da abin da ya sani. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam MaiSola. Allah ya yi wa yaran albarka. Shawarata ita ce ku fara da moto, kuma jirgin ya kasance mai nauyi mai tafiya a hankali, irin na jan kaya, ba na tsere ba. Dalilin zai bayyana idan muka yi lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗauki zarto.

Jirgi yana nutsawa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan kuna son jirginku ya shiga ruwa santimita 6, sai ku ninka 60 da 18 da 6, abin da zai ba ku lita 6 da rabi. Amma tunda goshin jirgi yana tsukewa, ƙasansa kuma yana lanƙwasa, kashi shida cikin goma na wannan adadi ne zai rage, wato kusan lita 4. Ma'ana, jirgin da kuka zana sai ya kai kusan kilo 4 kafin ya zauna daidai a cikin ruwa, alhali katako da moto da ƙwayoyin batir ɗin kwamfuta da wuya su kai rabin haka. Masu farawa da yawa suna ɗauka cewa rashin nauyi alheri ne, sai jirgin ya hau saman ruwa, rabin farfela yana waje yana shaƙar iska, kowace 'yar iska kuma ta juya shi inda take so. Saboda haka ku ajiye ƙwayoyin 18650 don wani aikin, ku nemi batirin dalma rufaffe mai bolt 6, irin wanda ake sa wa fitila da fanka masu caji. Nauyinsa ba asara ba ne, domin dama nauyi kuke nema. Ku kwantar da shi a ƙasa can, a tsakiyar jirgin, ku tokare shi ta kowane ɓangare don kada ya gusa lokacin juyawa, sannan ku cike sauran nauyin da ƙarafa a ƙasan jirgin. Duk abin da ke sama, kamar ɗakin matuƙi, ku yi shi da abu marar nauyi gwargwadon iko.

Batun gudu kuma, jirgi irin wannan tsawonsa ne yake yanke masa iyaka, saboda igiyar ruwan da yake tayarwa da kansa. Mai santimita 60 ba zai wuce kusan mita ɗaya a sakan ba, wato kilomita 3 da rabi a awa, kuma idan kun ƙara masa ƙarfi bayansa ne zai dulmuya, ruwa ya hau rufinsa, batir ya ƙare a banza. Wannan gudun ma shi ne daidai a ido. Jirgin gaske mai mita 15 idan aka rage shi kashi ɗaya cikin 25 zai dawo santimita 60, amma gudunsa da 5 ake rabawa ba da 25 ba, don haka mai kilomita 20 a awa zai koma kilomita 4. Shi ya sa nake ganin moton motar wasan ya yi muku saurin da ba ku buƙata, kuma zai yi zafi idan kun haɗa shi kai tsaye da farfela. Moton firinta, wanda aka yi shi don bolt 12 ko sama da haka, idan ya sami bolt 6 zai juya a hankali da ƙarfi, kuma zai ja farfela mai kunne uku ta milimita 35 ba tare da wahala ba. Tunda kuna da mitar auna wuta, ku riƙe jirgin a cikin baho, ku ba shi wuta, ku auna abin da yake ja. Idan ya haura am 3, ku rage girman farfela. Na'urar daidaita gudun moto ta kasance mai iya komawa baya, ku cire ta daga tsarin batirin litiyam don kada ta riƙa yanke wuta da wuri, ku kuma sa fis tsakaninta da batir.

Ruwa ta wuri biyu ya saba shiga. Na farko shi ne bututun sandar farfela. Ku nemi siririn bututun jan ƙarfe wajen masu gyaran firji, da sanda ta ƙarfen da ba ya tsatsa mai milimita 4, ku matse bakunan bututun biyu yadda sandar za ta juya ba tare da lilo ba, ku cika cikinsa da giris, kuma idan zai yiwu bakin da ke cikin jirgi ya ɗara layin ruwa kaɗan, wato iyakar inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, ba tare da sandar ta karkata da yawa ba. Na biyu shi ne murfin da ake buɗewa a sa batir. Ku yi masa leɓe mai tsayin santimita ɗaya da rabi a kewaye, murfin ya hau kansa.

Filawud ɗinmu ba na ruwa ba ne, gam ɗin da ke tsakanin fallayensa yana saki da zarar ya jiƙe. Zai yi aiki idan kun shafe shi ciki da waje da ruwan gam ɗin faiba da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, musamman bakin da zarto ya yanka, domin ta nan yake tsotsar ruwa. Ku cusa farin soson kwalin firji a goshi da baya, ko da ruwa ya cika jirgin kada ya nutse da risibarku. Idan kuna son siffa mai sauƙi, ku nemi zanen jirgin da ake kira Springer, wanda masu wannan sha'awa a Amurka suka yaɗa: tsawonsa inci 18, faɗinsa inci 8, gefensa biyu shimfiɗaɗɗu ne masu siffa ɗaya, yara ma za su iya zana su a kan katako.

Bazazzagi a Landan:

Ina gaida Baba Injiniya, kuma ban ga abin gyarawa a lissafinsa ba. Amma da izininsa zan tsaya wa ƙyallen iska, domin kada Malam MaiSola ya ɗauka cewa abu ne da ya fi ƙarfinsa.

A lambun Kensington da ke nan Landan akwai wani kewayayyen tafki da ake sa ƙananan jirage tun ƙarni na 19, tun kafin a san rediyo, lokacin da mutum zai daidaita ƙyallensa ya saki jirgin, ya zagaya ɗaya gaɓar ya tarbe shi. Abin da na lura da shi shi ne, masu ƙyalle su ne suke daɗewa a cikin wannan sha'awa har furfura. Jirgin moto, bayan an ƙera shi an ga yana tafiya, abin da ya rage shi ne zagaye. Shi kuwa mai ƙyalle kullum da sabon darasi, domin iskar yau ba ta jiya ba ce, kuma yaron da ya iya karanta iska a fuskar ruwa ya sami ilimin da ba a batir yake ba.

Ga amsar tambayarku kan fuskantar iska. Jirgin ba ya shiga iska kai tsaye. Yana tafiya ne a karkace da ita, kusan digiri 45, ya yi nisa ta dama, ya juyo ya yi ta hagu, har ya kai inda ake so. Idan an ja ƙyallen kusa da tsakiyar jirgi, iskar da ke bi ta bayansa mai lanƙwasa tana jan sa gefe da kuma gaba kaɗan, kamar yadda take ɗaga fiffiken jirgin sama. A ƙarƙashin jirgin kuma akwai wata doguwar ƙafa siririya da ke hana shi zamewa gefe, don haka ƙarfin da ya rage sai ya tura shi gaba. A ƙarshen ƙafar akwai curin dalma, shi ne yake miƙar da jirgin duk lokacin da iska ta kwantar da shi. A ajin jiragen tsere masu tsawon mita ɗaya, wanda aka kafa a 1988 kuma ake gasar duniya da shi, jirgin ba ya gaza kilo 4, ƙafar da curinta suna iya kai kilo 2 da rabi, zurfinsa a ruwa kuma yana kai santimita 42. Wato fiye da rabin nauyin yana can ƙasa. Suna da ƙyalle kala uku, babba don iska mai laushi, ƙanana biyu don mai ƙarfi. Akwai kuma ajin Marblehead da ya samo asali a jihar Massachusetts ta Amurka a shekarun 1930, mai tsawon inci 50, sai ajin RG65 mai santimita 65 da ya fito daga Ajantina, wanda shi ne ya fi kusa da girman da kuka zana. Shi ne kuma girman DragonForce 65 na kamfanin Joysway, wanda sababbin shiga da yawa ke farawa da shi a nan.

Kayan lantarkinsa sun fi na moto sauƙi. Tasha biyu ta rimot ta isa: ɗaya ga allon juyawa na baya, ɗaya ga ƙaramin injin da ke jan igiyar ƙyalle yana sakinta, kuma ƙwayoyin batir huɗu ƙanana za su kai ku yini. Yadin lema marar nauyi yana yin ƙyalle, guntun sandar kamun kifi ta faiba ko bututun eriyar talabijin yana yin turken da ake ɗaura shi. Wahalar tana wajen daidaita inda turken zai tsaya. Idan jirgin yana yawan juya goshinsa cikin iska da kansa, a matsar da turken gaba. Idan yana gudun iska yana ba ta baya, a matsar da shi baya. Don haka ku yi wa turken ramuka uku ko huɗu a jere, tazarar santimita ɗaya, maimakon ku manne shi wuri guda.

Inda na sallama wa Baba shi ne wajen ruwa. Doguwar ƙafar nan tana buƙatar zurfi tun daga gaɓa, kuma tana kama duk wata kainuwa da leda da ta gamu da su. Leda ɗaya ta isa ta tsayar da jirgi cak a tsakiyar tafki. Ƙungiyoyi da dama a nan suna ajiye ƙaramin jirgin moto mai faffaɗan goshi don turo wanda ya maƙale zuwa gaɓa. Idan kun fara da na Baba, to kun riga kun ƙera mai ceton na biyun ke nan, amma ina roƙon ku sa na biyun a zuciya tun yanzu.

Maman Hanifa, Wudil:

Malam, ni ma'aikaciyar lafiya ce, ban san aikin jirgi ba, amma maganar kududdufin nan ce ta sa na ga ya wajaba in sa baki. Ruwan da ke tsaye a bayan gari, wanda yara ke wanka da fitsari a ciki, shi ne matattarar tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mutum lafiyayya ba tare da wani rauni ba, don haka tsayawa a ruwa zuwa gwiwa don sa jirgi ko ɗauko shi ya isa. Daga baya ne ake ganin jini a ƙarshen fitsari, abin da wasu iyaye har yanzu suke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, alhali cuta ce da ke lalata mafitsara idan ta daɗe. Tana da magani, amma hana kamuwa ya fi. Ku nemi wurin da za a sa jirgi daga kan dakali ko dutse, mai sa jirgin ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Abu na biyu shi ne dalmar da ɗan'uwanmu na Landan ya ambata. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400, ta bar wasu da lahani a ƙwaƙwalwa. Kada a narkar da dalma a cikin gida, ko a tukunyar girki, ko a goge ta da zarto inda yara ke wasa, kuma kada a fasa tsohon batir don a ciro ta. Idan dole ne a yi amfani da ita, babba ya yi aikin a wajen gida, ya rufe ta ruf da gam da fenti.

Na ƙarshe, ku yi wa yaran doka tun kafin a fita, cewa ko jirgin ya tsaya ko ya nutse babu mai shiga ruwa. Kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu suna da ramuka masu zurfi dab da gaɓa, ƙasansu kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa.

MaiSola, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, na janye maganar kududdufin gaba ɗaya. Gwajin farko a bahon gida za a yi shi, nauyin kuma da notuna da ƙwallayen boris zan cike shi. Zan fara da jirgin moto kamar yadda Baba ya ce, na kuma ajiye bayanin ɗan'uwa na Landan don aiki na gaba, domin babban yarona ya riga ya fara tambayar inda ake samun yadin lema.

Baba, saura tambaya ɗaya. Idan mun gama muna so mu kai shi babban ruwa kamar Tiga ko Bagauda, yaya nisan da rimot ɗin zai iya kaiwa, kuma me zai faru idan siginar ta yanke jirgin yana tsakiyar tafiya?

Tsohon Injiniya, Kaduna:

Tambayar ta dace, Malam. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna jirgin ruwa mai karɓar umarni ta rediyo a birnin New York, kuma har yau abin da ke damun mai jirgi bai sauya ba: umarnin ya isa. Rimot ɗinku yana aiki a kan zangon rediyo na 2.4 GHz, wanda ya fi tsofaffin na 27 MHz ta wajen rashin shiga tashar juna, amma yana da rauni guda, ba ya ratsa ruwa. Idan eriyar risiba tana ƙasan layin ruwa, ko a bayan batirin dalma, nisan zai ragu ƙwarai. Ku fito da tsirarar ƙarshenta sama a tsaye, a cikin siririn bututun roba, nesa da moto da manyan wayoyi, ku kuma lika ƙananan kafasita a ƙafafun moton don rage tartsatsin da ke damun risiba. Idan an yi haka, idonku ne zai gaza kafin rediyo, domin jirgi mai santimita 60 idan ya yi nisan mita 100 da wuya ku gane ko tahowa yake ko tafiya. Ku shafa wa goshinsa fenti mai haske wanda ya bambanta da na baya.

Kafin a je ruwa, ku ɗora jirgin a kan tebur, ku ba moto wuta, sannan ku kashe rimot. Idan farfela ta ci gaba da juyawa, kada ku fita sai kun saita risibar yadda za ta tsayar da moto da zarar sigina ta ɓace. Kullum rimot ake fara kunnawa, shi ne kuma ake kashewa a ƙarshe.

A bakin ruwa, ku tsaya a gaɓar da iska ke kaɗawa zuwa gare ta, domin jirgin da ya mutu ya dawo muku da kansa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka gaɓar kudu maso yamma za ku nema. Da damina kuma akasin haka, kuma da kun ga hadari ya haɗo daga gabas ku fitar da jirgin, domin iskar da ke gabansa ba ta ba da lokaci. Tiga ruwa ne mai faɗi, igiyarsa a fili ta fi ƙarfin jirgi irin naku, saboda haka ku nemi lungu mai kwanciyar ruwa wanda babu kacala ko bado. Madatsar tana ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma akwai masu gadi, don haka ku nemi izini, ku nuna musu abin da kuka zo da shi, ku nisanci bakin da ake sakin ruwa. Ku gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su nuna muku inda suka shimfiɗa raga da mamari, domin farfela tana naɗe zare nan take, kuma ragar da ta yage abincin wani ne. Ku yi magana da mai kwale-kwale ɗaya tun kafin ku sa jirgin, ku daidaita abin da za ku ba shi idan an buƙaci ya ɗauko muku, ku kuma tafi da sandar kamun kifi da ƙwallon roba a ɗaure a bakin zaren, don jefawa ta bayan jirgin da ya tsaya kusa a jawo shi.